Rasuwar Maigadi, Fayil Mai Layi Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da abokan aiki rasuwar Maigadi, ɗan fayil ɗin da na rubuta da hannuna shekara shida da suka wuce. Ya rasu ranar Talata da hantsi, kuma ya ja ni cikin masifa, don Oga ya ce wanda ya rubuta shi ne zai amsa laifi.

Marigayin bai taɓa buɗuwa shi kaɗai ba. Shafuka arba'in na manhajar makarantarmu ne ke kiransa kafin su buɗe, shi kuma ya binciko sunan shafin da ya kira shi. In shafin shiga ne, ya matsa gefe. In na sakamakon jarabawa ne kuma mutum bai sa kalmar sirri ba, ya mayar da shi baya. Kalma biyu kacal aka taɓa ji daga bakinsa: "Shiga tukuna." Bai taɓa fashin aiki ba, bai taɓa kai gulmar kowa ofishin Oga ba. Ba kowa zan yi wa wannan shaidar a ginin nan ba.

Ajalinsa ƙanin matar Oga ne, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya bayan kwas ɗin wata uku. Ina wurin taro ya hau kujerata, ya ga layi na bakwai na fayil ɗin, wai ya yi masa tsawo. Ya sauya shi da wani guntu mai bayar da sunan fayil ɗin da yake zaune a ciki, ba na shafin da ke aiki ba. Daga nan ko wane shafi ya kira shi, bawan Allah sunan kansa yake ji. Har ya daina gane shafin shigar, ya riƙa korar mutane daga nan yana sake turo su nan. Iyaye suka cika mana waya. Maimakon gwanin ya neme ni, sai ya goge fayil ɗin, ya cire shi daga shafukan, ya haɗa da kwafin da na ajiye, wai yana share wuri. Awa biyu makin kowane ɗalibi yana tsirara a gaban duk mai waya.

Ya rasu ya bar marayun shafuka arba'in, da sakatariya da ta ga komai ta ce ba ta ga komai ba, da ni da nake jin kamar in shaƙe wani.

Ba a samu gawa ba, saboda haka babu wanka. Za a yi jana'iza ranar Alhamis ƙarfe goma a ofishin Oga, inda zan ajiye makulli da katin aiki, Injiniya ya karɓa. Masu gaisuwa su same ni a gida. Ranar da manhajar ta sake faɗuwa kuwa, kada wanda ya buga min waya.