Elda Ukaegbu, Mai Gadin Hutu

Duk ƙasar Ngwa, a yankin Ibo, babu mai ƙaunar ranar Asabar kamar Elda Ukaegbu, dattijon cocinmu. A cocinmu Asabar ce ranar hutu, ba a aiki, ba a hura wuta. Mu kiyaye ranar muke yi, shi kuwa gadinta yake yi. Tsabar son hutu ta hana shi hutawa, mu ma ta hana mu. A bayan idonsa Sajan Hutu muke ce masa.

Rana na faɗuwa ran Juma'a, lokacin da hutun ke farawa, zai zura farar kwat, ya ɗauki sanda, ya bi gida-gida yana shinshinar hayaƙi. Ya shafa gindin tukunya ko da ɗumi. Ya duba tafin hannun mata ko da manja. Har wani zakara ya taɓa shan faɗa don an same shi yana tono.

"'Yan'uwa, Asabar 'yanci ce!" Haka yake faɗa a gaban ikkilisiya, gumi na zuba, jijiyar wuya a miƙe. "Ubangiji ya kwance mana sarƙa! Duk wanda na kama bai saki jiki ba, zai gamu da ni!"

Sai mu zauna a takure, muna hutawa iya ƙarfinmu.

Da Nwanyieze, wadda mijinta ya rasu, ta ɗumama wa uwarta mai ciwon ƙirji ruwa, sai ya tsayar da ita gaban jama'a, ya kore ta daga ƙungiyar mawaƙa. Ta tafi gida tana kuka. Shi kuwa ya ce rabonsa da Asabar mai albarka haka an daɗe.

Wata Asabar ya hango hayaƙi, ya bi shi da gudu. Ashe daga gonar wani ɗan Katolika yake, wanda ba ruwansa da hutun Asabar. Jiri ya kwashe Elda, ya zube tsakanin kunyoyin rogo. Likita ya ce hawan jini ne, a kwantar da shi, ban da wa'azi, ban da sintiri.

"Kwanta ka huta, Baban Ugochi," in ji matarsa.

"To, na kwanta. Sai kuma a yi me?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Wa zai duba?"

Asabar ta gaba aka ci aka sha, tsofaffi suka yi barci a gindin mangwaro, Nwanyieze ta ba da waƙa muka amsa. Fasto ya ce a yi wa maras lafiya addu'a. Dee Nwaobilor, wanda ya girme mu duka, ya miƙe da ƙyar.

"Ya Ubangiji, bawanka ya sha wahala dominka. Ka ba shi lafiya. Amma don girmanka, kada ka yi gaggawa."

Tun da aka gina cocin nan ban taɓa jin Amin mai ƙarfi kamar ta ranar ba.