Makaro, Mikaro da Hancin Baƙo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora mini sayen idon kyamara ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Lokacin ina sakataren ƙungiyar manoman albasa a wani ƙauye kusa da Malbaza. Masu tallafa mana sun ba mu kyamara, irin babbar nan da ake kwance wa ido a ɗaura wani, sai idon da ta zo da shi ya faɗi ya tsage. Ga shi baƙo zai zo daga Yamai ya duba aikinmu, kuma hoton membobi a cikin gona za a sa a rahoton da zai sa a ci gaba da ba mu iri ko a daina.

Shugabanmu, Elhaji Mamman, ya dube ni ya ce, "Malam Sakatare, kai ka yi lakwal. Ka san kan abin ga?"

Na ce, "Sosai, Elhaji." (Ban taɓa ɗaukar hoto da komai ba sai waya, ita ma rabin hotunan da yatsana a ciki.)

Washegari na hau mota zuwa Konni, shagon wani mai kayan hoto da ake kira Sani. Ya jera mini idanu uku a kan tebur. Ina ganin an rubuta "makaro" a jikin biyu sai hankalina ya kwanta, don na tuna a lakwal, wato makarantar boko, an koya mana makaro babba ne, mikaro ƙarami. Mu kuwa gonarmu babba, mutanenmu da yawa.

Sani ya ce, "Wanga na ɗaukar ƙananan abubuwa na, Malam."

"Kana nufin manya."

"A'a, ƙanana. Shina maida su manya."

"To mikaro fa?"

"Wani kamfani mikaro yake ce mishi. Duk abu guda na."

Nan kaina ya fara juyawa. Yaya babba da ƙarami za su zama abu guda? Ya ci gaba da bayani, wai ɗaya milimita sittin ne, ɗaya ɗari, kuma mai ɗarin ya fi don ba sai na matsa kusa da ƙwaron ba.

Na ce, "Wane ƙwaro?"

Ya ce, "Wanda za ka ɗauka mana."

Da na buɗe baki na ce masa mutane zan ɗauka, da magana ta ƙare a nan. Amma akwai mutum biyu a shagon suna saurare, ni kuma na shigo da jakar takardu da biro a aljihu. Sai na yanke a raina cewa Sani bai yi nisa a karatu ba. Na zaɓi mai ɗari, tunda ɗari ta fi sittin. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a gefe yana wani bayani, ina ta gyaɗa kai. Ya ce mu gwada, na ce na baro kyamarar a buro, wato ofishin ƙungiya, kuma ba sai an gwada ba.

Ranar taro, da hantsi, kowa ya hallara a bakin gona. Maza da manyan riguna, mata da shugabarsu Hajiya Rabi sun yi anko, baƙo a tsakiya kusa da Elhaji. Na ɗaga kyamara na leƙa.

Hanci na gani. Hancin baƙo, shi kaɗai, ya cika wurin, har da zufar da ke kansa.

Na ce a raina na matsa kusa da yawa. Na ja baya taku biyar. Hancin ya ɓace, komai ya zama hazo, idon kyamara sai shiga yake yana fita yana ƙara kamar sauro. Na goge shi da bakin riga. Na goge idona ni ma. Na ƙara ja baya.

Elhaji ya ce, "Malam Sakatare, rana tana dukan baƙo."

"Saura kaɗan, Elhaji. Haka na zamani suke."

Na ci gaba da ja da baya, ido a manne da kyamara, ina ce wa mutane su matsu, su ƙara matsuwa, har suka dunƙule wuri guda. Na ji Hajiya Rabi tana cewa, "Malam, bayanka," na ɗauka tana nufin in ƙara ja baya. Na ƙara.

Kanal ɗin ban ruwa ne a bayana, kuma da safen nan aka sako ruwa. Na zauna a ciki daram, ruwa har ƙirji, hulata ta kama hanyar gonar maƙwabta. Abin kirki guda da na yi shi ne ɗaga kyamarar sama.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan shirun ya fi mini zafi. Baƙon da kansa ya zo ya karɓi kyamarar kafin a jawo ni. Ya juya ta, ya taɓa ɗan maɓallin nan, ya ce an kulle ta ne a kan abin da ke kusa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Ido ne mai kyau ƙwarai, Malam. Na ɗaukar ƙwari ne. Wa ya ba ku shawarar sayensa don taro?"

Mutum arba'in suka juyo suka dube ni, ruwa yana ɗiga daga gemuna.

A ƙarshe Hajiya Rabi ta miƙa wa direban baƙon wayarta, ya ɗauka sau ɗaya, hoton ya fito tas. Shi aka sa a rahoto, aka kuma ci gaba da ba mu iri. Ina cikin hoton, can gefe, kai ba hula, taɓo har wuya. Elhaji ya sa aka wanke shi babba aka rataye a buro, daidai saman teburina.

Har yau ban gane dalilin da ya sa makaro da mikaro suka zama abu guda ba. Amma yanzu in mai shago yana bayani na ji kaina ya fara gyaɗuwa, sai in riƙe shi in ce, "Dakata, ban gane ba." Kunyar faɗin haka ba ta wuce minti ɗaya, kuma mutum yana komawa gida da kayansa a bushe.