Ranar da Jinina Ya Ƙi Ba Ni Shaida

Yau da hantsi silifas ɗina ya tsinke a layin karɓar sakamakon gwajin jini, zuwana na huɗu ke nan. Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan siminti mai zafi, ban bar layin ba, domin mutuncina na cikin gida na je karɓowa.

Bari ku ji tushen zancen. Bara, da zazzaɓin nan mai tari ya zaga gari, na kwanta mako uku cur. Rashin sa'a, kwanciyar ta zo daidai da tashinmu daga tsohon gida. Mai ɗakina ce ta ɗaure kaya, ita da ƙanenta suka ɗora keken ɗinkina a mota, ni kuma aka ɗora ni a ƙarshe, bayan katifa. Tun daga nan ta raɗa wa jinyar suna "ciwon ƙaura". Ko ƙwan fitila zan canza sai ta ce, "Baban yara, a hankali, kada ciwon ƙaura ya motsa." Yara su kwashe da dariya. Nakan taya su, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ana nan sai maƙwabcina kafinta ya zo da albishir: duk wanda ya ba da gudummawar jini, za a duba masa kyauta ko cutar ta taɓa kama shi.

Na ce, "Bayan shekara guda?"

Ya ce, "Wai jiki yana ajiye sojojin da suka yaƙe ta, a jini ake ganinsu. Kai da ka sha wuya, ai bataliya za a tarar."

Ni da ko allurar ɗinki ce ta soke ni sai na zauna na huta, na ce a kai ni. Na sa mai ɗakina ta shirya, domin ina son a yi komai a kan idonta.

Ƙarfe takwas aka ce za a ƙaddamar da shirin. Mai Girma Babban Mai Ƙaddamarwa ya iso ƙarfe ɗaya, da motoci goma sha ɗaya. Manyan baƙi suna ƙarƙashin rumfa suna shan lemon da aka tanada wa masu ba da jini, mu masu jinin muna rana muna tafi. Mai Girma ya hau gado, ya naɗe hannun riga, aka manna masa auduga, aka ɗauki hoto, ya sauka. Allura ba ta ko gaishe shi ba. Daidai ne, Allah ya ja zamaninsa, irin wannan jini mai daraja ba a raba wa kowa da kowa. Ya yi alkawarin sakamako cikin kwana biyu, bai dai faɗi na wane wata ba.

Mutum ɗaya na ga tana aiki a wurin, wata nas mai tabarau. Da ta ambaci yadda masu haihuwa ke rasa jini, sai mai ɗakina ta miƙa hannu ta ce, "Tunda na zo." Ita tana hira jininta yana zuba, ni ido a rufe ina karanto duk addu'ar da na sani.

Zuwana na farko, mai sa hannu ya tafi taro. Na biyu, babu tawada a injin. Na uku, mai riƙe da makullin kabad yana wajen bita kan hanzarta aiki. Yau nas ta miƙo mini ambulan biyu. Na buɗe nawa a gabanta, na ce ta fassara mini.

Ta ce, "Baba, ba a ga komai ba. Wani lokaci sojojin sukan ragu in an daɗe, kuma zazzaɓi iri-iri ne."

"To na maman yaran fa?"

"Nata a cike yake. Ta yi ciwon."

"'Yata, duba da kyau. A nan ai komai musanya shi ake yi."

Ta nuna mini lambar kwalba da ta takarda. Ko ɗigo bai kauce ba.

Da na koma gida, na tarar da mai ɗakina tana wanki. Na ce, "Ashe kin yi ciwon nan?"

Ba ta ko ɗago ba. "Na yi mana. Kwana shida ina dafa bango in zan shiga kicin."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kana kwance kana nishi, wa'adin tashi ya cika. In na kwanta, wa zai ɗaure kayan?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara guda ina neman wanda zai tabbatar da wahalata, ban taɓa tambayar ta yadda ta kwana ba. Na tsuguna na janyo bahon wankin. Ta buɗe baki za ta ce "a hankali", sai ta fasa. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ku kuma manya, ranku ya daɗe, ina da ƙorafi. Shekara talatin kuna rubuta sunana ba daidai ba, kun taɓa mayar da ni mace a katin shaida. Rana ɗaya tak na buƙaci kuskurenku, ranar kuka zaɓa ku yi aiki daidai.