Yaƙin Tanimu da Rassan Ƙanƙara

Da sunan Mai sanyi da zafi muke buɗe tarihin Tanimu ɗan Barau, jikan Jatau mai kilishi, Garkuwar Layin Famfo, Barden Bencin Ƙofar Gida, wanda kaf zuriyarsu ba a taɓa samun namijin da ya san inda ludayi yake kwana ba.

Ranar da maiɗakinsa Asabe, wadda ƙanƙarar zoɓonta ta gagari unguwa, za ta tafi biki Wudil na kwana uku, ta jera ƙulli sittin a firiza, ta ce, "Ka dai sa ido. Kada ka ɓata min suna, don na san hannunka." Maganar nan ta yi wa Barde ciwo ƙwarai.

Washegari ya ɗaga murfi cikin izza da alfarma, sai ga abokan gaba sun ja daga. Fararen allurai sun tsiro daga bangon kowace leda, kowace allura ta fid da rassa, kowane reshe ya haifi 'ya'ya da jikoki, suna kora ja da zaƙi zuwa tsakiya kamar awaki. Nan take ya gane cewa duk wanda ya ga farin nan cewa zai yi an yi wa zoɓon Asabe algus, kuma shi kaɗai ne a gidan.

"Ba dai a gabana ba," in ji Barde.

Ya naɗe hannun riga, ya kwashe rundunar kakaf ya shanya a rana har ta narke, ya girgiza kowane ƙulli girgizar ukuba, ya mayar da su kurkuku. Kwana ɗaya rassa suka dawo. Sai ya kafa kujera ya yi musu ƙawanya, yana buɗe murfi minti-minti don leƙen asiri, sanyi yana zurarewa, rassan kuwa da suka samu sarari suka yi ta miƙewa har suka kai ganyen dabino kyau.

A haka Asabe ta same shi, hanci na zuba, yana ba da rahoton fama dalla-dalla. Ta ɗaga ƙulli ɗaya ta duba, ta dube shi.

"Tanimu, shekara tara haka yake fitowa kullum. Ashe ba ka taɓa buɗe firizan nan ba?"

Ta rufe murfi ta ɗora turmi a kai. Barde ya koma bencinsa, ganimarsa mura.