Ranar da Mai Girma Ya Tatsi Akuyata

Jama'a, ku taya ni murna! Jiya Alhamis Mai Girma Babban Mai Kula da Cigaban Awaki ya zo gidanmu da kansa, mota bakwai, har ɗaya ta bi ta kan gyaɗar maƙwabta. Ni Khairiyya, da na tsaya a aji biyu na sakandare, yau ga ni a wayar kowa daga nan har Zakirai, 'yata Ikilima a goye, bakina a buɗe.

Bari in faro muku. Awaki tara gare ni, gida goma sha biyu ke ciyar da su. Wannan ya kawo dusa, wancan ƙaiƙayi, Inna Fadima kuwa ita ce mai harawa. Ni in tatsa, in dafa, in ɗiga ruwan tumfafiya nonon ya kama, ran Juma'a kowa ya aiko kwano ya karɓi cukunsa. Inna ta sha faɗa mini, ranar da kwanonta ya koma wayam harawarta ta bar garkena. In ta janye kuwa, saura bin ta za su yi.

To, kowa ya san in kina son nono da safe, tun yamma kike raba 'ya'yan da iyayensu. Na kulle nawa a ɗakin ajiya. Sai ga Mai Riƙe Jakar Mai Girma ya riga kowa zuwa, ya ji suna kuka.

"Hajiya, wa ya tsare waɗannan?"

Ni ce Hajiyar fa! Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an tatsa ake sakinsu."

"A'a. Tsarinmu ba ya raba uwa da ɗa. Kuma hoto ya fi kyau da su."

Ya zare sakata. Wallahi kafin in gyara goyo kowanne ya kama uwarsa, jela na kaɗawa.

Mai Girma ya iso, ya tattare babbar riga, ya tsuguna gaban jar akuyata. Ya ja, ya ja, ko ɗigo. Akuyar ta waiwayo ta dube shi, ni na ji kunya a madadinta. Amma manya ba sa rasa dabara. Aka tura direba shago ya sayo madarar gari, aka dama a ƙwaryata, Mai Girma ya ɗaga ta sama, aka yi tafi. Ya ce albarkacin tsarinsu nono ya wadata a karkara. Sannan aka ce a ɗan ɗanɗana cuku. Wanda na tara tun Litinin, 'yan rakiya suka ɗanɗane shi tas, har faifan suka karkaɗe. Sun bar mini takardar yabo mai gilashi, Allah ya saka.

Yau da safe kwano goma sha ɗaya a ƙofa, Inna Fadima ta zo da nata a hannu.

"Ke 'yar nan, ina rabona?"

Na miƙa mata takardar. Ta juya ta, ta shinshina.

"Da me ake cin wannan?"

Na ba ta labari kaf. Ta kira matan gidajen suka yi ƙus-ƙus a zaure. Da ta fito ta ce, "Shekarar da fara ta cinye mana wake, ke kika kawo ta?"

"A'a, Inna."

"To wannan ma annoba ce, ta kowa ce. Anjima a kawo miki harawa."

Na rangaɗa guɗa har Ikilima ta farka! Sai dai Inna ta ce fara aƙalla ba ta sa a yi mata tafi. An ce wata mai zuwa su Mai Girma za su je duba masu kaji a ƙauyen gaba. Na aika musu su ɓoye ƙwai.