Yadda Talotalo Ya Ƙaryata Ni a Umm Salal

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da talotalo ya ƙaryata ni a gaban mutane ba, a wata gona da ke Umm Salal, can bayan birnin Doha, alhali ina da furfura har a gira.

Bari in fara da faɗin halina, don a san da wa ake magana. Ni mutum ne mai zargi. Aiki ya zagaya da ni ƙasashe kafin in yada zango a Doha, kuma kusan ko'ina sai da aka taɓa ni. A Abidjan na zaɓi shadda mai kyau, aka naɗe mini, na isa masauki na tarar da wata daban. A Alƙahira mai turare ya shafa mini ɗaya a hannu, ya ɗura mini wani a kwalba ina tsaye ina kallonsa. Tun daga nan na ɗauka duk mai sayarwa yana da hannu na uku wanda ba a gani. (Hajiya, mai ɗakina, tana cewa da ni za a tura kasuwa sayen gishiri, sai na nemi a kawo shaidu.)

A wajen aikinmu akwai Injiniya Bitrus, mutumin Kafanchan, wanda na ɗauka kamar ƙanena. A shekarar ne matarsa, Maman Ladi, ta biyo shi Doha, kuma zaman bai karɓe ta ba. Wuni take a sama cikin bene a unguwar Nu'aija, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Sai ta ƙudurta za ta yi Kirsimeti irin ta gida. Ta gayyaci duk mai jin Hausa da suka sani, direbobi da masu gadi da likitoci, kusan dukkansu Musulmi. A garinsu kuwa al'ada ce, idan Kirsimeti ta zo sai a kira maƙwabci Musulmi ya yanka abin da za a dafa, don kowa ya miƙa hannu ba tare da ɗar-ɗar ba. Mahaifinta talotalo yake kiwatawa duk shekara saboda wannan rana, don haka talotalo take so. Ni aka zaɓa in yanka. Na ji daɗin girman, ba zan ɓoye ba.

Bitrus ya ce a manyan kantuna akwai talotalo daskararre, da hatimin halal a jikin ledar, ko za mu sauƙaƙa wa kanmu. Na ce ban san wanda ya yanka ba, ban san wanda ya buga hatimin ba, kuma ban san tun wace shekara yake kwance a ƙanƙara ba. (Hajiya ta tuna mini cewa kajin da nake ci kowane mako hatimin nan ne a jikinsu. Na ce ai kaza daban.) Dama shi kansa tsuntsun ban yarda da shi ba. Larabawa suna ce masa zakaran Rum, Faransawa sun jingina shi ga Indiya, Turawan Ingilishi sun ce na Turkiyya ne. Abin da kowace ƙasa ke tura wa wata, ai da walakin a lamarinsa.

Muka shiga nema. A kasuwar tsuntsaye muka samu aku da tantabaru da wasu ƙananan tsuntsaye masu tsadar banza, talotalo babu. Wani direba Bakatsine ya kwatanta mana gona a Umm Salal. Nan take na raya a zuciyata cewa yana da la'ada a ciki, amma muka je.

Mai kula da gonar wani dattijo ne Basudane, Haj Usman, dogo, da farin rawani. Ya shimfiɗa mana tabarma ya kawo shayi. (Shayin ma na zarge shi. Na sha ganin yadda ake tausasa mai saye da shayi a Istanbul.) Ya ce Turawa sun riga sun kama na bana, namiji ɗaya ya rage. Muka same shi a tsakiyar matansa yana taƙama, ya baza jela kamar mafici, kansa da wuyansa ja jawur, ga wata doguwar tsoka tana lilo ta kan bakinsa. Ni dai na ci talotalo a ƙasashe da yawa, amma a faranti muke haɗuwa, ban taɓa tsayawa na ƙare wa mai rai kallo ba.

Muka daidaita, Bitrus ya ba da kafin alƙalami. Sai dai ba mu da inda za mu ajiye shi, domin Hajiya ta rantse ba za a kai mata shi banɗakinta a gidanmu na unguwar Gharrafa ba. Aka tsaya a kan zai zauna a gonar har jajibere. Haj Usman ya ɗauko zare zai ɗaura masa a ƙafa, kamar yadda ake yi wa rago alama a kasuwannin gida. Na yi murmushin wanda ya ga duniya, na ce a bar zaren, ai ana kwancewa a ɗaura wa wani. Na zaro waya na ɗauki hoton kan tsuntsun ta gaba da ta gefe. A mota na yi wa Bitrus lacca kan yadda ake musanya kaya, har muka iso gari.

Ranar jajibere da safe muka koma, ana ɗan sanyi. Wuƙata na cikin jaka, na wasa ta tun jiya. Haj Usman ya kai mu wani keji a gefe inda ya keɓe talotalon shi kaɗai. Ina leƙawa na ga tsuntsu a takure, kansa fari-fari da ɗan shuɗi-shuɗi kamar wanda ya yi jinya, tsokar nan mai lilo kuwa babu ita, sai wani ɗan tsiro da bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Abin kunyar shi ne, ba ɓacin rai na fara ji ba. Daɗi na ji. Irin daɗin nan na wanda ya daɗe yana cewa za a yi, ga shi an yi.

Na ce wa Haj Usman ina namu. Ya ce shi ne wannan. Na nuna masa hoton, ya duba, ya sake cewa shi ne. Nan fa na buɗe murya. Na yi masa da Larabci, na juya na yi wa ma'aikatansa da Ingilishi don su ma su shaida, abin da ya yi saura na ƙarasa da Faransanci don in huce. Na ce an sayar da namu ga wani Bature, an kawo mana mara lafiya. Bitrus yana jan hannun rigata yana cewa, "Alhaji, a bi a hankali mana." Ban saurare shi ba. Har na kai ga kalmar da ba a faɗa wa dattijo, na ce masa ɓarawo, da Larabcin da kowa a wurin ya gane.

Don in kammala hujja, na fizge ƙofar kejin na ce kowa ya matso ya gani da idonsa. Talotalon ya fito, ya girgiza jiki. Ko hayaniyata ce ta harzuƙa shi, ko matansa da ya hango ta bayan waya, Allah masani. Sai ya kumbura, ya baza jela, ya ja fikafikai a ƙasa. Muna kallo farin kan nan ya fara rinewa, daga wuya ja ya taso har ya mamaye shi. Ɗan tsiron nan ya miƙe, ya yi tsawo, ya zubo ta kan baki yana lilo. Hannuna na sama riƙe da waya, hoton na kallon jama'a, ga kuma mai hoton a tsaye kusa da ni, bai bar ko ɗigo ba. Ya miƙa wuya ya yi kukan nan nasu a kan fuskata. Wani cikin ma'aikatan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Haj Usman bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kafin alƙalamin ya miƙa wa Bitrus. "Khalas," in ji shi, wato magana ta ƙare. "Ba na sayarwa."

Daidai nan wayar Bitrus ta yi ƙara. Maman Ladi ce, tana tambaya ko mun taso, ta riga ta daka kayan ƙamshi, ta aro babbar tukunya. Bitrus ya ce mata muna nan tafe, idonsa a kaina. Gobe mutane za su cika mata gida, kuma a duk faɗin neman da muka yi ba mu ga wani talotalo mai rai ba sai wannan.

Na matsa wajen Haj Usman na fara ba da haƙuri da Larabcin littafi, mai ƙa'ida da ado. Bai ko dube ni ba. Na koma kawo uzuri, na ba shi labarin shaddar Abidjan. Ya ce, "Ni ne na sayar maka da shaddar?" Na ce a'a. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa kiransa da wannan suna, kuma a gaban yaransa na faɗa, don haka a gabansu zan janye. Ya sa aka kira su duka, har wanda ke ban ruwa a can ƙarshen gona. Na cire hula, na ce na zalunce shi, ƙarya na yi masa, ya yafe mini don Allah. Ya sa na maimaita da Ingilishi, tunda da shi na yi musu bayani ɗazu.

Bitrus ya gaya masa zancen matarsa, sannan Haj Usman ya ce saboda matar da ke jira zai sayar, amma wa Bitrus, ba ni ba. Kuma shi zai yanka da hannunsa, domin ba zai bar mai irin wannan zuciya ya zare wuƙa a gonarsa ba. Haka na tsaya gefe da jakata a hammata. Ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka yanka mai kyau. Ko ni ba zan yi kamarsa ba.

Washegari falon Maman Ladi ya cika maƙil. Ga shinkafa, ga naman talotalo ya sha yaji, ƙamshi har bakin lif. Bitrus bai gaya wa kowa abin da ya faru ba, har ita. Aka zuzzuba, amma na lura ba wanda ya taɓa naman. Sai Malam Sani, wani dattijon direba da matasan ke jin maganarsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ka yanka ko?"

Maman Ladi ta tsaya da ludayi a hannu. Bitrus ya ɗaga kai yana nazarin silin. Da na ce e, da an wuce wurin, amma ƙaryar da na yi jiya ta ishe ni. Na ce ba ni ba ne, wani Basudane ne, a gabana ya yanka. Fuskar Maman Ladi ta sauya. Malam Sani ya ajiye cokali ya ce, to shi Basudanen, na san shi? Mutumin da za a yarda da shi ne?

Na ce, "Mai amana ne. Ni na gwada shi, har fiye da yadda ya kamata."

Malam Sani ya juya ga jama'a ya ce, tunda Alhaji da bai yarda da kowa ba ya yarda da mutum, ai magana ta ƙare, bisimilla. Hannaye suka sauka a faranti. Bitrus ya sarƙe da lemo, sai da aka bubbuga masa baya. Maman Ladi kuwa ta yi ta zagayawa tana ƙari, tana dariya da mutane kamar a tsakar gidansu, ta kuma zubo mini cinya guda don girmamawa. Na cinye, kowace loma da ƙyar.

Ban daina zargi ba, a shekaruna ba a sake hali. Amma yanzu duk lokacin da na ji daɗin nan yana taso mini, na cewa yau na kama ɓarawo, shi nake fara zargi, in rufe bakina tukuna.