Zomon da Ya Iya Hausa

Ranar kasuwar Filinge na leƙa gidan yayata Hadiza, na tarar jikokinta sun ƙura wa tashar katun, zanen nan mai motsi, ido. Na kashe tele, na gyara zama.

Na ce, "Wanga duk hayaniya ce! Zamanin soja tele guda gare mu, amma zomon katun ɗinmu Hausarmu ta nan Kurfai yake yi, har da nasiha." Na rantse, na kwaikwayi muryarsa.

Yaya ta ajiye ludayi. "Zomon nan bai taɓa cewa uffan ba. Lasifika ce ta mutu, Kawu Bawa ke laɓewa bayan akwatin yana yi mashi baki."

Da furfurata, sai ranar na sani.

Har yau in zomo ya gitta a gona, sai yaran su ce mani, "Kaka, mi ya ce?"